Muhammadu Korau: Baƙon Da Ya Zama Mai Gida

A kowace shekara, sa'ad da muka zo kan darasin Hausa Bakwai a ajin tarihi, ɗalibanmu sukan jera sunayen garuruwan nan bakwai ba tuntuɓe. Sun kuma san labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Amma in muka tambaya wane ne Korau, sai aji ya yi tsit. Can wani ya ɗaga hannu ya ce sunan gidan Sarkin Katsina ne, wani kuma ya ce ya taɓa jin maroƙa suna ambatonsa. Dukansu biyu sun taɓo gaskiya, amma ba su kai ga mutumin ba. Laifin namu ne mu malamai, gama Korau maƙwabcinmu ne. Garin da aka ce daga can ya fito, watau 'Yandoto, yana kusa da Tsafe, a bakin hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa ƙasar Faskari ta nufi Gusau. Mu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun fi mutanen birnin Katsina kusa da tushensa. Domin haka muka ga ya dace a littafin shekara na bana mu ba da labarin wannan sarki, mu ware abin da baki ya riƙe da abin da takarda ta tabbatar, sa'an nan mu duba abin da ya shafe mu a ciki.

Ƙasar da ya tarar

Kafin zamanin Korau babu birnin Katsina irin wanda muka sani. Garuruwa ne a warwatse, kowanne da shugabansa da wurin tsafinsa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani ta yanzu, inda sarakunan Durɓawa suke zaune. Labarin gargajiya ya ce na farkonsu shi ne Kumayau, ɗan Bawo, jikan Bayajida, na ƙarshensu kuwa Sanau. Har wa yau akwai manyan tuddai na kaburbura a wurin, daga nan ne ma sunan Kusheyi ya fito. An tona waɗansu a 1907, aka kuma sake tonawa a farkon shekarun 1990. An sami kwanonin tagulla da mundaye da duwatsun ado, waɗansu irin na ƙasashen Larabawa. Wannan ya nuna mana cewa Durɓawa mutane ne masu arziki, suna kuma ciniki da ƙasashe masu nisa tun kafin a kafa birnin.

A nan kudu kuwa, ƙasar da magabata suke kira Katsina Laka saboda nauyin ƙasarta da albarkar nomanta, akwai tsofaffin garuruwa irin su 'Yandoto, Kwatarkwashi, Gozaki, Maska, Pauwa da Kogo. Sunayen waɗansunsu suna nan a raye cikin sarautun yankinmu, kamar Sarkin Pauwa da Kogo. 'Yandoto ta yi suna a kan abu biyu, fatauci da malanta. Wangarawa, 'yan kasuwa da malamai daga ƙasar Mali, suna cikin waɗanda suka zauna a cikinta. A yau tana cikin Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a 1996, amma a zamanin da, ƙasar Katsina ce. Iyakar jiha da muke gani a taswirar aji sabon abu ne.

Kokawa a gindin tsamiya

Ga labarin kamar yadda magabata suka bar mana shi. An ce Sanau gwanin kokawa ne, ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa, gama yana da wani asiri da yake ɗaurawa a jikinsa. A al'adar wancan lokaci sarki yakan fito ya yi kokawa a ranar biki, domin jama'a su ga ƙarfinsa bai ragu ba. Korau kuwa ya zo daga 'Yandoto, ya sauka a wurin Sanau a matsayin baƙo, har suka zama abokai. Shi ma ɗan kokawa ne, waɗansu kuma suka ce malami ne. Da ya gane inda ƙarfin mai masaukinsa yake, sai ya nemi matar Sanau, ya yi ta lallashinta har ta sace asirin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Da ranar ta zo, aka taru a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada. Aka kama kokawa. Sanau ya laluba ƙarfinsa na kullum bai same shi ba, Korau ya ɗaga shi ya kayar, sa'an nan ya zare takobi ya yanka shi a gaban jama'a. Takobin nan shi ne Gajere. Daga ranar mulkin Durɓawa ya ƙare, baƙo ya hau gadon mai gida. Akwai waɗanda suke ba da labarin da ɗan bambanci, suna cewa wurin cin abinci aka kira Sanau aka kashe shi. Ko ta wace hanya aka bi, ƙarshen ɗaya ne, baƙo ya kashe wanda ya sauke shi.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Samson da Delila a Littafin Mahukunta sura 16, inda asirin ƙarfin jarumi ya fita ta hannun macen da ya amince da ita. Irin wannan labari kuma ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. Mutanen Roma sun ce Romulus ya kashe ɗan'uwansa Remus sa'ad da ya kafa birninsu a shekara ta 753 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen Koriya suna da labarin sarkinsu Jumong, gwanin baka da kibiya, wanda suka ce daga cikin ƙwai aka haife shi, ya gudo daga wata ƙasa, kifaye da kunkuru suka jeru suka zama masa gada a kan kogi, ya haye ya kafa mulkin Goguryeo a shekara ta 37 kafin haihuwar Almasihu. Bayajida namu ma baƙo ne da ya zo da takobi. Al'ummai da yawa, in za su faɗi yadda sabon mulki ya soma, sukan taƙaita aikin shekaru masu yawa su ɗora shi a kan mutum ɗaya da rana ɗaya, domin ya zauna a ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka kada ɗalibi ya yi wa irin wannan labari dariya ya ce tatsuniya ce. Kada kuma ya haɗiye shi ɗanye. Aikinsa shi ne ya tambaya wane canji ne labarin yake nunawa.

Masana tarihi, musamman Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya buga littafinsa a kan tarihin Katsina a 1981, sun duba wannan canji. A ganinsu, kokawar Bawada tana nuna lokacin da iko ya fita daga hannun shugabannin dangi da na tsafi, ya koma hannun sarki mai birni, wanda yake mulkin kowane irin mutum da ke cikin ƙasarsa, ko daga ina ya fito. Fatake da malamai da masu sana'a sun yi yawa, tsohon tsari ya yi musu kaɗan. Korau shi ne mutumin wannan sabon zamani.

Wace shekara ce?

A nan akwai darasi ga masu shirin jarrabawa. Waɗansu littattafai sun ce Korau ya hau mulki a 1348. Waɗansu masana kuwa, irin su Farfesa Abdullahi Smith da Dokta Bala Usman, sun sa mulkinsa a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, daga wajen 1445 zuwa farkon shekarun 1490. Ga yadda aka yi lissafin. Jerin sunayen sarakunan Katsina ya ce Korau ya yi mulki kimanin shekara 50, wanda ya gaje shi kuma shi ne Ibrahim Sura. To, akwai wani babban malami na Masar, Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Ya rubuta wasiƙar gargaɗi zuwa ga sarakunan wannan yanki wajen 1493, ya kuma ambaci Ibrahim na Katsina da sunansa, tare da sarkin Agadas. In Ibrahim yana kan gado a 1493, wanda ya gabace shi ba zai zama ya mutu shekara 100 kafin nan ba. Da takarda ɗaya daga Alƙahira aka gyara lissafin Katsina. Haka aikin tarihi yake, a ɗauki abin da baki ya faɗa a gwada shi da shaida ta waje.

Wannan lissafi ya sa Korau ya zama tsaran Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da Muhammadu Rabbo na Zazzau. Muhammadu uku ke nan a zamani guda, kowanne ana tunawa da shi a kan ya sāke fasalin ƙasarsa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Rumfa ne aka soma yaƙi tsakanin Kano da Katsina, aka shekara 11 ba wanda ya ci wani. Ƙasar da ta iya tsayawa gaban Kano shekara 11 ta riga ta zama mai ƙarfi.

Abin da ya gina

Abu na fari, Korau ya kafa fadarsa a inda birnin Katsina yake a yau. Har yanzu sunan fadar Gidan Korau. Wurin ya dace, gama yana kan hanyar ayarin raƙuma da ke zuwa daga Agadas da hamada, yana kuma haɗe da hanyoyin da suka bi ta kudu da yamma zuwa ƙasashen goro da zinariya. Gishiri da dawaki da takarda da tufafin Larabawa suna shigowa, fatu da saƙa da hatsi suna fita. Dole mu faɗi gaskiya, bayi ma suna cikin abin da aka yi ciniki da su a kasuwannin wancan zamani, wannan kuwa tabo ne a tarihinmu duka.

Abu na biyu, shi ne ake ɗauka sarkin Katsina na farko da ya karɓi Musulunci, sunansa Muhammadu ma shaida ne. Labarin gargajiya yana danganta masallacin Gobarau da zamaninsa. Hasumiyar nan ta ƙasa, mai tsawon kimanin mita 15, tana nan tsaye a tsakiyar birni, duk ɗalibin da ya je Katsina ya kamata ya je ya gan ta. Wajen ƙarshen zamaninsa ne Shehu Magili, malamin nan na Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya zo ƙasar Hausa, ya zauna a Kano da Katsina. Daga wannan tushe Katsina ta zama garin karatu, inda daga baya aka sami waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda unguwar Masanawa take ɗauke da sunansa.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ba mu mamaki. Korau ya kashe Sanau, amma Durɓawa ba su shuɗe ba. Sarautar Durɓi ta zauna cikin manyan sarautun ƙasa, har ta zama ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Har wa yau Durɓi yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Tsamiyar Bawada ma ba a sare ta ba, sarakunan gidan Korau suka ci gaba da girmama wurin. Watau sabon mulki ya bar wa mutanen da ya tarar wurin zama. Masu sallah da masu bin al'adar kakanni suka zauna ƙarƙashin sarki ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, suna fita yaƙi tare. Da Korau ya ce sai irinsa kaɗai za su zauna, da birnin bai wuce ƙauye ba.

Magadansa suka ɗora a kan abin da ya fara. Ana danganta babbar ganuwar birni da Ali Murabus, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 16. Sa'ad da Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso Katsina a 1851, ya kimanta kewayen ganuwar ya kai mil 13. Mu tuna, da hannu aka kwaɓa wannan ƙasa, a ka aka ɗauke ta.

Bayan Korau

Gidan Korau ya riƙe Katsina sama da shekara 300. Sa'an nan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tashi a 1804. Malaman 'Yandoto suka ƙi ba da goyon baya, Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi wajen 1806, malamanta suka watse. A 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa su a Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, inda har yau ake kiran sarkinsu Sarkin Katsina. A 1906 Turawa suka naɗa Muhammadu Dikko, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa. Sarki goma, zamani goma.

Duk da haka, ba gidan da ya zo ya share sunan Korau. Dallazawa suka shiga gidansa, Sulluɓawa ma haka. Takobin nan Gajere, mai rubutun Larabci a jikinsa, yana cikin kayan sarauta da ake miƙa wa sabon sarki. Maroƙa suna kiran Sarkin Katsina magajin Korau, ko da yake ba jininsa ba ne. Abin lura kuma, tsohon kirarin Korau bai ɓoye abin da ya yi ba. Yana ambatonsa a fili a kan baƙon Sanau ne wanda ya yanka mai masaukinsa. Katsinawa sun riƙe sunan wanda ya kafa musu birni, suka kuma riƙe laifinsa tare da shi.

Abin da ya shafe mu

Na fari, kada mu wanke abin da bai wanku ba. Cin amanar mai masauki mugun abu ne a al'adar Bahaushe, mugun abu ne kuma a gaban Allah. Nasarar da ta biyo baya ba ta mai da shi daidai ba. Dawuda ya sami Saul a cikin kogo, yana da ikon kashe shi ya hau gado, amma ya janye hannunsa, kamar yadda yake a 1 Sama'ila sura 24. Wannan ita ce hanyar da muke koya wa 'ya'yanmu. Littafi Mai Tsarki kuma bai ɓoye zunubin Dawuda a kan Uriya ba, ko da yake shi ne babban sarkin Isra'ila. Magabatan Katsina sun yi irin wannan gaskiya a kirarinsu. Ɗalibin da zai rubuta tarihin garinsu, ko na ikilisiyarsu, ko na gidansu, ya koyi wannan. Ya faɗi alheri, ya faɗi kuskure, ya bar mai karatu ya auna.

Na biyu, akwai tambayar da waɗansu ɗalibai sukan yi mana a ɓoye. Sukan ce, tun da Korau sarkin Musulmi ne, ina ruwanmu da labarinsa? Wannan tambaya tana da ciwo a ƙarƙashinta, gama da yawa cikin yaranmu sun taɓa jin an ce musu Bahaushe ba ya zama Kirista, ko kuwa an ɗauke su baƙi a garin da aka haifi kakanninsu. Amsarmu ita ce, labarin namu ne. Da yawa cikinmu jikokin Maguzawa ne. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka noma dawar da ta ciyar da birane, suka narka tama suka ƙera fartanya da mashi, suka biya haraji, suka tsare iyakar kudu. Sarautar da Korau ya kafa ta tsaya a kan guminsu kamar yadda ta tsaya a kan dukiyar fatake da alƙalamin malamai. Annabi Irmiya, a sura 29, ya gargaɗi mutanen da aka kai bauta Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su kuma yi masa addu'a. In an ce wa bayi a baƙuwar ƙasa su yi haka, balle mu da aka binne cibiyarmu a nan. Kada wani ya raba mu da tarihinmu, kada mu ma mu raba kanmu da shi. Mu koye shi sosai, har in an zauna ana zancen Katsina a ji namu bakin a ciki.

Na uku, mu dubi abin da ya sa birnin Korau ya girma. Hanya ce mai aminci, da ƙofa a buɗe ga baƙo mai sana'a, da wurin zama ga wanda aka tarar. Mu a wannan yanki mun san zafin rashin waɗannan abubuwa. Mun ga manoman Faskari da Sabuwa da suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Ba mu manta da daren nan na watan Disamba 2020 ba, sa'ad da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara. A makon nan Musulmi suna addu'a a masallatai, mu muna yi a majami'u, kuka ɗaya ne, har Allah ya komo da su. Dazuzzukan da ayarin fatake suka ratsa zuwa 'Yandoto shekara 500 da suka wuce su ne suka zama abin tsoro a zamaninmu. Gyaran wannan ƙasa ba zai yiwu da hannun ɓangare ɗaya ba. Cikin ɗaliban da suke karanta wannan shafi akwai malaman gobe, da ma'aikatan jinya, da alƙalai, da masu unguwa. Duk wanda Allah ya ba shi iko, ko na aji ɗaya ne, ya tuna da kujerar Durɓi, ya bar wa wanda ba irinsa ba wurin zama.

Muna roƙon 'yan aji shida da za su fita bana, kafin ku watse ku zauna da tsofaffin gidajenku, ku tambaye su daga ina kakanninku suka taso, wane dutse suka zauna a gindinsa, wane sarki suka bi. Ku rubuta a littafi, ku sa kwanan wata da sunan garin, ku kawo wa ɗakin karatu na makaranta kwafi ɗaya. Labarin Korau ya iso gare mu ne domin waɗansu sun riƙe shi a baki, waɗansu kuma sun sa shi a takarda. Ubangiji ya ba ƙasarmu ta Katsina salama, ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa, ya kuma kiyaye fitarku da shigarku. Amin.